Lissafi ba a rufe shi da kwaɗo: jawabi ga ɗaliban kimiyya



Maganata ta yau a kan manhajojin lissafi ce. Duk wanda ya yi karatun kimiyya ya san MATLAB, Mathematica ko Maple. Suna da kyau, ba musu. Amma lasisinsu na kuɗi ne, kuɗin waje kuma, shi ya sa da yawa sai su koma ga kwafin sata, wanda yau ya yi aiki, gobe ya shigo da birus ya cinye maka memuwar ɗinka ana saura sati ka kare ta. Kuma ko ka biya, rubutun da aka gina su da shi a rufe yake: za su ba ka amsa, amma ba ka da ikon duba hanyar da suka bi. To lissafi fa, ƴan'uwa, hujja ce. Malamin da ya ce "ka yarda kawai" ba lissafi yake koyarwa ba.

Akwai buɗaɗɗun manhajoji, kyauta, halal, kowa na iya karanta cikinsu. Ga yadda nake auna su.

Ga ƴan shekarar farko masu fama da deribe da entegiral, Maxima ta isa. Asalinta Macsyma ce ta jami'ar MIT a Amurka, tun 1968. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma na ɗaukarta. Xcas, wadda Bernard Parisse ya gina a Grenoble, haka take, ga ta kuma da Faransanci.

Ga masu aikin matris da lissafin injiniya, akwai GNU Octave da Scilab. Octave yarenta kusan na MATLAB ne, abin da ka koya a nan zai yi maka aiki can. Scilab daga cibiyar Inria ta Faransa ta fito, tana da Xcos na kwaikwayon da'irar lantarki da injuna.

Ga ƙididdiga, masu tattalin arziki, noma da kiwon lafiya, R ce sarauniya.

Babbar yayarsu SageMath, wadda William Stein ya fara a 2005. A kan yaren Python take, ta haɗa Maxima, GAP da PARI wuri guda. Akwai littafinta na Faransanci, Calcul mathématique avec Sage, na 2013, kyauta a intanet. Amma gaskiya tana da nauyi, a kan Windows kuma sai ka saka Linux a ciki kafin ta tashi. Ta fi dacewa da ƴan mastar.

GeoGebra kuwa ta fi kowa sauƙin zane, har a waya, sai dai lasisinta kyauta ne ga wanda ba kasuwanci zai yi da ita ba. A san wannan.

Abin da ya fi mu amfani: duk waɗannan, in ka saka su, ba sa buƙatar intanet. Mutum ɗaya ya sauke Octave ko Maxima, ya zuba a kile, aji gaba ɗaya ya samu, ba wanda ya karya doka. Ran da ka gama jami'a ka tafi koyarwa a Dakoro ko Magariya, kayan aikinka na tare da kai.

Don haka roƙonmu ga jami'o'in Yamai, Maraɗi, Zinder da Tawa: kowane darasi a zaɓa masa buɗaɗɗiyar manhaja ɗaya, a rubuta aikin gwaji da ita, a ba malamai lokacin koyonta. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, don malamin da ya shekara goma da MATLAB ba zai sauya a dare ɗaya ba.

Ku kuma ɗalibai, kada ku jira. Wanda ke da kwamfuta a nan, ya tsaya bayan taro, mu saka Maxima tare.