Jawabi a Bikin Yaye Masu Ƙidayar Ɓaunar Innoko, Jihar Alaska



Tarihin ɓaunar Innoko sananne ne, don haka a gurguje za a bi ta kansa. Ɓaunar kurmi, wadda babu dabbar da ta kai ta girma a doron ƙasar Arewacin Amurka, an ɗauka tsantsar irinta ya ƙare, sai a 1957 aka gano ragowarta a gandun Wood Buffalo na Kanada. An kawo 53 zuwa Alaska daga gandun Elk Island a 2008, aka yi kiwonsu suka hayayyafa, sannan a 2015 aka saki 130 a yankin kogin Innoko, inda suka ci gaba da haihuwa a daji.

Aikin ɗaliban da ake yayewa a yau shi ne gano yawan garken. Ana ɗaura wa wasu ɓaunaye abin wuya mai aika sigina, jirgi ya bi siginar har ya riski ayarin, a ɗauki hoto daga sama, a ƙirga kai da kai. Adadin da aka samu shi ake kira mafi ƙarancin ƙidaya, domin wadda ta shige duhuwar itatuwa ba ta fitowa a hoto. Matuƙa jirgin da ke murmushi a can baya sun san ɓauna ba ta tsayawa don a ɗauke ta hoto. Haɓakar garke kuwa ana auna ta ne da yawan 'yan maruƙa a kan kowace mace ɗari, da kuma nawa ne daga cikinsu suka ga bayan hunturu.

A nan batun kuɗi ya shigo, kuma ana roƙon masu duba waya su ajiye ta tukuna. Garken ya kai kimanin 150 a 2022, amma hunturun da ya biyo baya, da ƙanƙara ta binne ciyawa, ya ci kusan rabinsa. Da ba a tashi jirgi ba, da har yau ana ta kafa hujja da tsohon adadi. Man jirgi yana da tsada, batirin abin wuya yana mutuwa, kuma duk shekarar da aka tsallake ba a yi ƙidaya ba, giɓinta ba ya cikuwa. Masu ƙorafin cewa ƙidaya almubazzaranci ce su ne dai za su fara tambayar ranar buɗe farauta, alhali ba a yanka kason farauta sai da adadi a hannu.

Ana taya ɗalibai murna, ana kuma kira ga majalisar dokokin jiha da ta ware wa ƙidayar shekara-shekara kaso na dindindin a kasafin kuɗi mai zuwa.