Tsinken Saƙa da Kwarashi: Abin Sha'awa da Bai Kamata Ya Ɓace Mana Ba



Da aka sanar cewa jawabin bana a kan saƙar ulu da kwarashi zai tsaya, mun san akwai waɗanda suka ce a ransu, ana fama da rashin tsaro da tsadar abinci, wa ke ta tsinken saƙa? Tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu kauce mata ba. Roƙonmu kawai a ba mu aron kunne, domin a ganinmu wannan ɗan aiki da mata ke yi a tsakar gida bayan la'asar ya taɓa tarihinmu, ya taɓa lafiyar jariranmu, ya kuma taɓa yadda muke kashe kuɗin taimakon mata ba tare da mun ga amfaninsa ba.

Ƙasarmu ƙasar auduga ce. Ba don Allah-wadai Turawa suka jawo hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau har ta tsaya a Ƙauran Namoda a 1929 ba. Auduga da gyaɗa suka biyo, kuma kamfaninsu na auduga, wato BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902, shi ya kakkafa injinan gurza a wannan yanki. Amma tun kafin a san jirgi, kakanninmu mata a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Moriki sun san abin da ake yi da auduga. Mace za ta gurje ta a kan magurji ta fid da angurya, ta shiɓe ta, ta yi sutu, sa'an nan ta ɗauki mazari ta shafa alli a yatsa ta shiga kaɗi, tana hira tana renon ɗa. Zare siriri na masaƙa ne, abawa kuwa ta gwado da zanen goyo. Da kuɗin zaren nan uwa ke tara wa 'yarta kwanoni da tasoshi. Babu wanda ya buɗe mata makaranta, a gefen tabarmar uwarta ta koya.

Zaren inji ya zo ya kashe mazari. Masaƙun zamani da suka kashe shi su ma ba su tsira ba: masaƙar Kaduna ta farko da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta Gusau da aka kafa cikin shekarun 1960 ita ma ta bi sahu. Idan muka duba da kyau, abin da ya rage a hannun matanmu na aikin zare bai wuce ɗinkin hula da wannan saƙa ta tsinke da kwarashi ba.

Sau da yawa mukan ji ana cewa ai saƙar ulu aikin Turawa ce. Gaskiya ne ta hannun makarantun 'yan mata na zamanin mulkin mallaka ta yaɗu a ƙasar Hausa, tun daga waɗanda aka buɗe a Kano da Katsina a 1930, zuwa makarantar horon malamai mata ta Sakkwato a 1939, inda ake koyar da ɗinki da saƙa da kula da gida. Amma asalinta ya wuce nan. Mafi tsufan saƙar tsinke da masu binciken tarihi suka samu, a Masar aka tono ta: safunan auduga ne farare da shuɗi, na tsakanin ƙarni na 11 da na 13, waɗansu har da zanen rubutun Larabci a jikinsu. A ƙasar Sifaniya kuma an sami matasan kai na saƙa a kabarin wani ɗan sarki da ya rasu a 1275, waɗanda masana ke dangantawa da masaƙa Musulmi. Kwarashi shi ne ƙaramin ƙane. Sunansa daga kalmar Faransanci ya fito, ma'anarta ƙaramar ƙugiya, kuma sai cikin shekarun 1820 aka fara buga tsarinsa a wata mujallar mata ta ƙasar Holan. Da yunwa ta afka wa ƙasar Ailan daga 1845, saƙar kwarashi na cikin abin da mata suka riƙe gidajensu da shi, suna saƙa leshi ana kai wa masu hali a ƙetare. Wannan labari na Ailan ya kamata ya tsaya mana a rai, mu da muke da dubban mata da aka raba da gonakinsu.

Ga wanda bai san bambancin ba, saƙar tsinke da tsinke biyu ake yin ta, idanun zare da yawa suna jere a kan tsinken a lokaci guda, shi ya sa take fitowa da laushi da miƙewa, ta dace da rigar sanyi da safa. Kwarashi kuwa ƙugiya ɗaya ce, ido ɗaya ake riƙewa, a fara da sarƙa a yi ta ɗorawa. Ya fi sauƙin koyo, kuma in an yi kuskure a warware layi ɗaya a ci gaba. Wani abin mamaki shi ne tun 1589 aka ƙera injin saƙar tsinke a Ingila, amma har yau ba a sami injin da ke yin kwarashi na ainihi ba. Duk farar hular kwarashi ta gaske da alhazanmu ke sawowa a Makka, hannun wani ne ya yi ta.

Matanmu ba su karɓi abin yadda ya zo kawai ba, sun mai da shi nasu. Tumaƙasa da ake rufe kwanon abincin maigida ko na suruki da shi, babu Baturiyar da ta koya mana shi. Haka adon gado da na kujera da ake jerawa a ɗakin amarya, da hula da safa da shawul da ƙawar mai jego ke kaiwa ranar suna. Da yawa daga cikinmu a nan da irin waɗannan kaya aka goya mu. A wancan lokaci budurwa takan yi alfahari a ce wannan aikin hannunta ne, kuma dangin miji sukan lura.

To, me ya faru? Abu na farko gwanjo ne da kayan kanti masu araha. Rigar sanyin da mace za ta kwashe mako tana saƙawa, ga ta nan a tire a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis a kan kuɗin da bai kai na ulun ba. Na biyu kuma wayar hannu ta cinye lokacin la'asar ɗin nan. Amma akwai na uku, kuma a nan muke son mu daɗe, domin laifin namu ne, mu masu shirya taimako.

Tun daga shirin Better Life na Hajiya Maryam Babangida a 1987, zuwa shirin tallafa wa iyali na Hajiya Maryam Abacha a 1994, har zuwa cibiyoyin mata na ƙananan hukumomi bayan an ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, saƙa ba ta taɓa fita daga jerin sana'o'in da ake koya wa mata ba. Niyyar mai kyau ce, kuma akwai waɗanda suka amfana. Sai dai tsarin kusan ɗaya ne kullum: a tara mata na 'yan makonni, a yi bikin yaye su, a miƙa wa waɗansu keken saƙa a gaban masu ɗaukar hoto, a watse. Kowa a ɗakin nan ya san gidan da irin wannan keke yake ƙarƙashin gado, ko kuma aka sayar da shi kafin wata ya zagayo. Allura ɗaya ta karye babu mai gyara, ulu ya ƙare babu jari, kuma mafi muni, wadda aka bai wa keken ba ta taɓa son saƙar ba, sunanta ne kawai ya shiga takarda. Mun ɗauki abin da ke tsirowa daga sha'awa mun mai da shi rabon kaya. Matan da muka sani suna cin abinci da saƙa a garuruwan nan, in aka bi sawunsu, za a tarar tun suna 'yan mata suke wasa da zare, suna saƙa wa 'yar tsana hula, suna warware tsohuwar rigar sanyi don su sami ulu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wadda ta so abin tana yarinya, ko ba a ba ta keke ba za ta nemi hanya, wadda ba ta so shi ba kuwa, ko keke goma aka ba ta a banza.

Saboda haka ba mu ganin aibu a ce wa saƙa abin sha'awa. Ba dole ne kowane aikin hannu ya zama kasuwanci ba. A wani bincike da aka buga a Ingila a 2013, an tambayi masu saƙa fiye da 3,500 daga ƙasashe daban-daban, mafi yawansu suka ce sukan sami natsuwa da sauƙin rai in suna saƙa, musamman in cikin jama'a suke yi. Ba mu ce magani ba ne, kuma masu son abu aka tambaya, dole su yabe shi. Amma wanda ya ga matan da suka baro ƙauyukansu suka tare a gidajen dangi a Zurmi ko Shinkafi, ba gona ba dabba, wuni guda babu abin yi sai tunanin abin da ya wuce, zai gane darajar aikin da ke riƙe hannu da ido da ƙidaya a lokaci guda. Kuma aiki ne da ba ya bukatar wutar lantarki ko fita daji. A watan Satumba na 2021, da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya, sana'o'i da yawa sun tsaya cik, amma mai ƙugiya da curin ulu a ɗaki ba ta rasa abin yi ba.

Yanzu bari mu koma kan tambayar da muka fara da ita. A tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, sanyin dare a wannan yanki yakan sauka ƙasa da digiri 15, ɗakunanmu kuwa don zafi aka gina su. Babba zai ja bargo ya yi barci. Jariri sabon haihuwa ba haka yake ba: jikinsa na bukatar ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, kansa kuma babba ne in aka gwada da sauran jikinsa, ta nan ɗumi mai yawa ke fita. Bakwaini da wanda aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba sun fi shiga haɗari, haka nan yaron da tamowa ta kama, irin waɗanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi ta karɓa a asibitocin Shinkafi da Zurmi a shekarun nan. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a jinkirta wankan jariri har awa 24 in da hali, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula. Wannan dabara ta ɗora bakwaini a ƙirji a wani asibitin birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara ta a 1978, saboda ƙarancin kwalabar renon jarirai, matsalar da mu ma ba baƙuwarmu ba ce. Hular da ta dace da kan bakwaini kuwa da wuya a same ta a gwanjo, duk sun yi masa girma. Mai kwarashi za ta gama ta a yammaci ɗaya, da abin da bai kai curin ulu guda ba.

Sai dai a yi hattara, iyayenmu mata. Mafi yawan abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake samu daga man fetur. In ya taɓa wuta narkewa yake yi ya manne wa fata, ga shi kuma a hunturu ne ake shigar da kaskon garwashi ɗaki. Kada a sa wa hular jariri igiyar ɗaurewa a wuya, ko maɓalli da duwatsun ado da zai iya haɗiyewa. A wanke ta kafin a sa masa, in ta jiƙe a cire nan take. In zafi ya shigo kuma a ajiye ta, domin mun sha ganin jariri cikin rigar ulu da safa a watan Afrilu don kawai a ga kwalliyar suna, yana ta zufa da ƙuraje.

Abin da muke roƙon wannan ƙungiya ba babba ba ne, kuma ba keke muke so a saya ba. A kowace unguwa akwai tsohuwar da ta iya, waɗansu tsofaffin malaman makaranta ne da suka yi ritaya. A nemi izininta da na maigidanta, a ba ta ƙugiyoyi da ulu, 'yan mata su riƙa taruwa wurinta ranar Alhamis ko Juma'a da babu Islamiyya. Kada a yi rajista, kada a yi alkawarin takardar shaida ko kuɗin zama, don wadda ke so ce kaɗai za ta zo. 'Yan uwanmu da ke Kano su ɗauki nauyin aiko da ulu a farashin sari. Yara maza da suka nuna sha'awa kada a kore su, domin a ƙasar nan maza ne masaƙa, maza ne kuma ke aikin allura a wuyan babbar riga. Abin da yarinya ta saƙa nata ne, ta sayar ko ta yi kyauta, illa hula ɗaya cikin kowace uku da za ta bayar. Waɗannan huluna kwamitin mata zai tara, ya tuntuɓi unguwarzomomi a kan girman da suka fi bukata, ya kai su ɗakunan haihuwa na manyan asibitocin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi kafin ƙarshen Nuwamba. Muna roƙon mai girma shugaba ya sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna a zaman yamma.