Ofishin jakadanci da mu 'yan kasuwar ƙetare: jawabin magatakarda a ranar bikin ƙungiya, Kpébié

Shugaba, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa da suka taso daga Zugu tun da asuba, sannunku da zuwa. An ba mu minti kaɗan, to za mu yi magana a kan abin da ba mu tunawa da shi sai ranar da ta ɓaci: ofisoshin da ƙasarmu Benin take da su a waje.

Kakanninmu da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Salaga, suna yada zango a Nikki da Paraku da Zugu, ba su san fasfo ba. Mai masauki shi ne jakadansu. Shi zai tsaya wa baƙo gaban sarki, ya karɓo masa bashi, in ya rasu ya tsare dukiyarsa har magada su zo. Yau wannan aiki, a hukumance, na ƙaramin ofishin jakadanci ne, wanda muke kira konsila.

Sai dai ƙasarmu ƙarama ce, aljihunta ma haka. A 2016, sannan a 2020, gwamnati ta rufe ofisoshi da dama don rage kashe kuɗi, jakada guda ya koma riƙe ƙasashe da yawa. Akwai ofishi a Paris, Washington, Beijing, Rabat da Riyad. A Najeriya, inda rabin cinikinmu yake, akwai babba a Abuja da ƙarami a Legas. To ku duba inda muke zuwa: Kantin Kwari da Dawanau a Kano, ko mu ƙetara ta Cikanda mu gangara Ilori. Wanda ya je sarin kaya Guangzhou kuwa, tsakaninsa da Beijing tafiyar jirgi ce. Ba ƙorafi muke ba, lissafi ne: ofishin yana nesa, kuma bai san da mu ba in ba mu kai kanmu ba.

Bara wani ɗan uwanmu, yana nan zaune ba za mu kira suna ba, aka sace masa jaka a wata tasha, da katin ɗan ƙasa da kuɗin sari duka. A shingen farko aka tsare shi. Yana jin Hausa kamar Bakano, sai aka ƙi yarda ɗan Benin ne, kuma ba shi da abin nuna ɗan Najeriya ne. Kwana huɗu. Abin da ya fid da shi hoton katinsa ne da muka ajiye a littafin ƙungiya, muka tura ta WhatsApp.

Ga abin da doka ta ba mu. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta yarda mu shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza, mu zauna har kwana 90, amma da takardar shaida mai rai a hannu. Yarjejeniyar Vienna ta 1963 kuma ta ce in an kama baƙo, yana da hakkin a sanar da konsilansa in ya nema. Sai ka nema da bakinka. Konsila yana ba da takardar komawa gida ga wanda fasfonsa ya ɓata, yana ziyartar wanda aka tsare, yana taimakawa da takardu in an yi rasuwa. Amma ba zai biya maka duwan ba, ba zai fid da kayan da aka hana shiga da su ba. Masu shinkafa sun ji mu.

Kuma iyaka ba ta da tabbas. Najeriya ta rufe tata daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka tare gadar Malanbil da Gaya, muka ga manyan motoci jere albasa na ruɓewa, mutane na ƙetare kogi a kwalekwale. Tun Janairun 2025 Nijar ba ta cikin CEDEAO, don haka mai zuwa Dosso ko Maraɗi kada ya dogara da yadda aka saba.

Roƙonmu biyu ne. Duk wanda ke daɗewa a waje, ko yake da yaro zaune a can yana masa sari, ya je ya yi katin konsila. Na biyu, littafin ƙungiya yana kan tebur a bakin ƙofa. Daga cikinmu da yawa katinsu ya mutu ba su duba ba. Bayan sallar la'asar kowa ya kawo nasa mu ɗauki hoto, ya bar mana lambar wanda za a kira a gida. Hajiyoyi za mu fara da ku, saboda masu komawa Zugu kafin dare.