Bushewar Ido da Baki: Abin da Na'urar Hoton Ciki ke Nunawa

Yau za mu yi magana a kan wata cuta wadda takan daɗe a jikin mutum ba a gane ta ba. Mai ita yakan ji kamar an zuba masa yashi a ido, bakinsa kuma ya bushe ƙayau, har gurasa ba ta haɗiyuwa sai da ruwa. Tun da yawancinmu mun saba da hunturu ko zafin Makka, sai a ɗora wa iska laifi, ko a ce ciwon sukari ne.

Sunanta cutar Sjögren, watau sunan wani likitan ido na ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, wanda ya bayyana ta a 1933 bayan ya duba mata 19. Har yanzu kuwa mata ta fi kamawa, wajen tara cikin goma. Asalinta, garkuwar jiki ce takan juya wa mai ita, fararen ƙwayoyin jini su mamaye maɓuɓɓugan hawaye da na miyau, su lalata su a hankali. Miyau kuwa shi ke tsare haƙori, saboda haka haƙora sukan ruɓe.

Gane ta da wuya. Akan saƙala 'yar takarda a fatar ido ta ƙasa minti 5, in jiƙewarta ba ta wuce milimita 5 ba, hawaye sun yi ƙaranci. Akan auna miyau, a gwada jini, sau da yawa kuma sai an yanko 'yar tsoka daga cikin leɓen ƙasa an duba. Wannan yanka fa shi mutane ke gudu, don wani leɓensa yakan daɗe da dindiris.

To, a nan ne na'urar nan da ake duba cikin masu juna biyu ta shigo. Ba ta amfani da komai sai amon sauti wanda kunne ba ya ji. Likita yakan shafa mai, ya ɗora kanta a gaban kunne, daidai inda hangum ke kumbura, sa'an nan a ƙarƙashin muƙamuƙi, dama da hagu. Lafiyayyar maɓuɓɓuga takan fito sumul da haske bai ɗaya. Wadda cutar ta ci kuwa sai a gan ta rodi-rodi da baƙaƙen tabo, kamar fatar damisa. A 2019 masana suka daidaita a kan ma'auni mai hawa huɗu, daga 0 zuwa 3. Hawa na 2 da na 3 su ne abin tuhuma. Ba yanka, ba zafi, cikin 'yan mintoci an gama.

Amma a ganina kada a ba ta matsayin da ya fi nata. Ƙa'idojin da likitocin Amurka da Turai suka tsara a 2016 ba su sa ta ciki ba. A farkon cutar hoton yakan fito lafiya lau, wasu cututtuka kuma, kamar ƙanjamau, sukan kawo tabo mai kama da wannan. Don haka sai an haɗa da gwajin jini.

Inda ta fi amfani shi ne bibiya. Kaɗan daga cikin masu cutar sukan kamu da wata irin sankara a maɓuɓɓugar gaban kunne. Wanda kumatunsa ya kumbura a gefe ɗaya ya ƙi saɓewa, ana iya duba shi sau da dama ba tare da lahani ba, na'urar kuma ta nuna wa likita daidai inda zai soka allura ya ɗebi abin gwaji.