Ma'aikaci da Doka Bayan Komawar Soja Bariki



Yawancinmu da ke zaune a wannan zaure, nan da shekara ɗaya ko biyu za mu fita da takardun shaida a hannu muna neman aiki. Saboda haka ya kamata tun yanzu mu san irin dokar da za mu yi aiki a ƙarƙashinta, da abin da mulkin farar hula ya sauya a cikinta tun daga 1999, da abin da ya bari yadda ya tarar.

Sai mun koma baya kaɗan kafin zancen ya fito fili. A shekara ta 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta haɗe ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyin ma'aikata ta mai da su 42, ta kuma ɗora Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, watau NLC, a kansu a matsayin uwa ɗaya tilo. Amma da yake soja ne suka kafa ta da doka, ba su ga wahalar rushe ta da doka ba. A 1988 Janar Babangida ya sauke shugabanninta ya naɗa mata kantoma. A 1994 Janar Abacha ya maimaita haka, ya haɗa da ƙungiyoyin ma'aikatan man fetur, har Frank Kokori ya shafe kusan shekara huɗu a tsare ba a kai shi gaban alƙali ba.

Tun daga 1999 ba a sāke naɗa wa NLC kantoma ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A farkon shekarar aka zaɓi Adams Oshiomhole, wanda ya fito daga ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a Kaduna, ya zama shugabanta. A watan Yuni na 2000 gwamnati ta ɗaga kuɗin litar fetur daga naira 20 zuwa 30, ma'aikata suka shiga yajin aiki, aka daidaita a kan naira 22. Daga nan duk lokacin da aka taɓa kuɗin mai sai a ji muryar NLC ta fi ta jam'iyyun hamayya ƙarfi.

Amsar da gwamnati ta bayar ita ce gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005, a nan ne kuma muke so mu dakata. Obasanjon da ya kafa uwar ƙungiya ɗaya yana cikin kaki, shi ne ya sa hannu a kan dokar da ta kawar da ita daga wannan matsayi yana cikin babbar riga. Hujjar da aka kawo mai kyau ce, ba kuwa ma ƙi ta: a ƙasar da ake mulkin dimokuraɗiyya ba a tilasta wa mutum shiga ƙungiya. Shiga ta zama ganin dama, aka kuma yi wa TUC, ƙungiyar manyan ma'aikata, rajista a matsayin uwar ƙungiya ta biyu.

Amma dokar nan ɗaya ta ɗaure yajin aiki da sharuɗɗa. Ba za a yi shi ba sai a kan saɓa yarjejeniyar aiki, sai an bi matakan sasantawa, sai kuma mafi yawan 'yan ƙungiya sun jefa ƙuri'ar amincewa. Wanda ya ƙetare, tarar naira 10,000 ko ɗaurin wata shida. Ma'anar wannan ita ce yaji a kan kuɗin mai ko wata manufar gwamnati ya fita daga halal. Bugu da ƙari an hana yaji a ayyukan da ake kira na wajibi, jerin waɗannan ayyuka kuwa gadon dokar soja ce ta 1976, wadda ta haɗa lantarki da ruwa da asibiti da sufuri da bankuna, har da aikin gwamnatin tarayya da na jihohi. Yayyenmu da ke nan sai su duba, sunansu na ciki. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Gaskiya ne dokar ba ta hana ƙasa tsayawa cik a watan Janairu na 2012 ba, sa'ad da aka janye tallafin mai, amma tana nan a aljihun gwamnati, tana fito da ita ranar da ta ga dama.

Mu ɗalibai mun ga aikin irin waɗannan dokoki a 2022. Malaman jami'o'i sun yi wata takwas suna yaji, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kotu ce ta umurce su da komawa aji, gwamnati ta riƙe albashi bisa ƙa'idar ba aiki ba biya, sa'an nan ta yi wa wasu ƙungiyoyin malamai biyu rajista a gefen ASUU. 'Yancin shiga ƙungiyar da aka ga dama ya zama hanyar raba kan ma'aikata, mu kuwa muka yi asarar zangon karatu.

Ba duk gyaran ne abin zargi ba. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta zama daidai da babbar kotu, ya ba ta ikon duba korar zalunci da yin aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Nijeriya ta amince da su. A ganinmu wannan ya fi duk sauran amfani ga ma'aikaci ɗaya da ba shi da kowa. Dokar fansho ta 2004 kuma ta kawo asusun tara kuɗi na kowane ma'aikaci, wanda tun 2014 yake zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai ɗaukarsa aiki ya zuba kashi 10.

Saura batun da ya fi cika jaridu, watau albashi mafi ƙanƙanta. An tsayar da naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024. Lambar tana hawa, darajarta tana sauka: naira 125 da aka tsayar a 1981 zamanin Shehu Shagari ta kai kimanin dalar Amurka 200, alhali kuwa naira 70,000 ba ta kai dala 50 ba ranar da aka sa mata hannu. Abin da ya fi damunmu ma shi ne waɗanda lambar ba ta shafa ba. Dokar ta keɓe duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuwa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan suna wajen aikin albashi mai takarda. Yaron shago a Kantin Kwari, da malamar ƙaramar makarantar kuɗi a unguwa, da mai aikin wucin gadi da ɗan kwangila ya kawo masana'anta a Sharaɗa, ba su da kujera a teburin da gwamnati da ƙungiyoyi da masu kamfanoni ke ciniki. Da yawanmu kuwa can za mu fara, ko da digiri a hannu.

Dokar 2024 ta rage wa'adin sāke duban albashi daga shekara biyar zuwa uku, watau zama na gaba zai faɗo a 2027. Kafin ranar muna roƙon ƙungiyarmu ta ɗalibai ta rubuta wa wakilanmu a Majalisar Tarayya a kan abu biyu: a rage jerin ayyukan wajibi ya tsaya ga waɗanda dakatar da su zai jawo asarar rai ko lafiya, a kuma sauko da iyakar ma'aikata 25 domin ƙananan wuraren aiki su shigo ƙarƙashin doka.