KIFIFIYA A TSAKAR GIDA: ABIN DA NA KOYA DA TSADA

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Da Sakataren Ƙungiya ya aiko mini cewa an ba ni minti goma sha biyar, na san da yawa daga cikinku sun zaci zan yi magana a kan aikin gwamnati, ko ƙarin girma, ko fansho. Ku yi haƙuri. A kan kififiya zan yi magana, domin wannan 'yar dabba ta kwantar mini da 'ya a asibiti kwana huɗu, kuma laifin ba nata ba ne, nawa ne. Ina ganin malaminmu na kimiyyar halittu yana murmushi daga can. Allah ya gafarta Malam, ka daɗe kana faɗa mana cewa darasin da muke gudu zai biyo mu har gida. To, ya biyo ni.

A cikin watan Agusta na 2022 ƙanin mahaifina ya zo Gusau daga Wonaka, ɗauke da tsohon bokitin fenti. A ciki akwai 'yar kififiya da ba ta kai tafin hannu ba, wadda ya tsinta a bakin kududdufi kusa da gonarsa, ya kawo wa ɗana tsaraba. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya san irinta. Da damina takan cika kududdufai da fadamun Gulbin Sakkwato, idan ruwa ya janye kuma sai ta binne kanta cikin taɓo, ta kwanta har sai an sake yin ruwa. Masana suna kiran jinsinta Pelomedusa. Alamarta ita ce ba ta janye kai ciki tsaye kamar kunkuru, lanƙwasa wuya take yi gefe guda ta ɓoye shi. Idan ta tsorata kuma takan saki wani wari da ba a mantawa.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauke ta kunkuru. Na sa ta a kwali, na zuba mata ganyen latas da guntun tuwo, na tafi ofis. Kwana shida ba ta taɓa komai ba, idanunta suka kumbura. Sai na kira wani ɗan ajinmu da ya karanta likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, yana cikin ɗakin nan, kuma sai da ya gama yi mini dariya sannan ya yi mini bayani. Kunkuru dabbar tudu ce mai cin ganye. Kififiya dabbar ruwa ce, nama ne mafi yawan abincinta, kuma a cikin ruwa take haɗiya. Ko naman sa ka ajiye mata a busasshiyar ƙasa, sai dai ta ja shi zuwa ruwa, in babu ruwan ta kwana da yunwa.

Saboda haka abu na farko shi ne mazauni. Ni durom na roba na sa aka tsaga biyu, amma babban baho ma ya isa. Zurfin ruwan ya fi faɗin bayanta, yadda in ta kife za ta iya juyowa, amma kada ya yi zurfin da ba za ta sami abin takawa ta miƙo hanci ba, domin iska take shaƙa kamar ni da ku, kuma tana iya nutsewa ta mutu. A ajiye bulo ko faffaɗan dutse wanda samansa ya fito daga ruwa, ta riƙa hawa tana bushewa.

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne mutane suka fi kashe ta ba su sani ba. Kififiya tana buƙatar rana, ba don ɗumi kawai ba. Hasken rana ne ke sa jikinta ya samar da bitamin D, kuma da shi ne take amfana da sinadarin kalsiyam da ke gina ƙashi da ƙoƙon bayanta. Wadda aka kulle a ɗaki wata da watanni, bayanta yakan yi taushi ya karkace, ƙafafunta su raunana. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta wadatarwa, saboda gilashi yana tare irin hasken da ake bukata. A Turai da Amurka fitila ta musamman suke saye saboda wannan. Mu Allah ya hutar da mu, amma kuma ranarmu tana da nata sharrin. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gusau kan kai digiri 40, ruwan ƙaramin baho da aka bari a fili yakan yi zafin da zai kashe ta kafin azahar. Dabarar ita ce rabin mazaunin a rana, rabi a inuwa, ita da kanta za ta zaɓa. Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, a shigar da ita ciki da dare. In ta rage cin abinci a lokacin sanyi kada a damu, haka jikinta yake. A rufe saman da wayar raga saboda ɓeraye da shaho, da kuma ita kanta, don ta iya hawa fiye da yadda kuke zato. Tamu sau biyu muna tsintarta a zaure.

Abinci ba shi da wuya: tana, fara, shinge idan ya fito, ƙananan kifi ɗanyu da ƙayarsu, da abincin tarwada irin wanda masu kiwon kifi ke saye. Farar kada ta zama soyayya mai gishiri da yaji, kada kuma ta fito daga gonar da aka yi wa feshi. Ƙarama a ba ta kullum, gwargwadon girman kanta, babba kuwa bayan kwana biyu ko uku. Ba na ba da shawarar a ɗebo mata dodon-koɗi ko ruwan kududdufi, domin ta irin waɗannan dodannin ne cutar tsargiya ke yaɗuwa. Masu 'yan tsaki da 'ya'yan agwagi kuma su yi hattara. A gandun dajin Etosha na Namibiya an ga irin wannan kififiyar tana kama kurciya a bakin ruwa.

Ruwan a canza shi duk kwana biyu ko uku, in ba haka ba ya yi wari, ya kuma zama gidan sauro. In na famfo ne a bar shi ya kwana a buɗe don kulorin ya fita.

Wani maƙwabcina ya ce in huda gefen bayanta in ɗaura zare, kamar yadda muka ga ana yi wa kunkuru muna yara. Don Allah kada a yi. Wannan ƙoƙon ba dutse ba ne. Ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinta da ƙashin bayanta ne suka haɗe suka yi shi, akwai jini da jijiyoyi a ciki. Tana jin zafi, ihu ne kawai ba ta iya yi.

Yanzu sai maganar da ta kawo ni. Wata biyu da zuwan kififiyar, ta warware tana cin abinci, ni kuma ina ta alfahari, sai autarmu, mai shekara biyu a lokacin, ta kwanta da zazzaɓi da gudawa. Muka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, muka ɓata kwana biyu. Da muka kai ta asibiti ta riga ta galabaita, sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Gwaji ya nuna ƙwayar cutar Salmonela. Likita ya tambaye ni ko muna da dabba a gida, na ce sai kaji da wata 'yar kififiya. Ya ɗago kai ya dube ni. A nan na tuna sau nawa na ga yarinyar tana wasa da ruwan bahon tana kai hannu baki, da kuma cewa a inda ake wanke-wanke muke wanke bahon, da soso ɗaya.

Kififiya, da kunkuru, da ƙadangare, sukan ɗauki wannan ƙwaya a hanjinsu ba tare da ta yi musu komai ba. Tana fita cikin kashinsu, ta gurɓata ruwan da jikinsu. Abin ba ƙarami ba ne: tun 1975 gwamnatin Amurka ta hana sayar da ƙananan kififiyu waɗanda bayansu bai kai inci 4 ba, saboda yawan yaran da suke kamuwa. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da masu juna biyu. Tun daga ranar muka kafa doka a gidana. Duk wanda ya taɓa ta ko ruwanta ya wanke hannu da sabulu. Tana da sosonta da bokitinta daban. Ruwanta a salga ake zubarwa, nesa da randa da madafi. Ƙananan yara kuma kallo ne nasu, ban da taɓawa.

Da muka dawo daga asibiti, uwargida ta ce ko dai kififiya ko ita. Na so in mayar da ita kududdufin da aka ɗauko ta, wanda shi ne daidai, amma kun san yadda hanyar gida ta zama a shekarun nan saboda 'yan bindiga, ba a bin ta don sakin kififiya. Jefa ta cikin kwatar Gusau kuwa kisa ne. Ɗana ya yi kuka kwana biyu. Daga ƙarshe aka yi sulhu, na gina mata 'yar kwatarniya ta siminti a bayan gida, na sa ƙofa da kwaɗo, mabuɗin yana hannun yaron. Yanzu ta kusa kai tsawon taƙi, kuma abokina likitan dabbobi ya gaya mini irinsu kan yi shekaru gommai, wato mai yiwuwa ta ga ranar da zan yi ritaya.

Na ga Sakatare yana nuna mini agogo. Wanda yaronsa ya riga ya shigo da ita gida, ya same ni bayan an tashi, ragowar wayar raga tana nan a mota.