Daga Kwarbai Zuwa Kasuwar Hannun Jari

Ɗan unguwar Kwarbai da ke karatun akanta a harabar jami'a ta Kongo, in ya samu gurbin sanin makamar aiki a bankin zuba jari a Legas, daga gida ake fara tirjiya: "Anya ba harkar riba ba ce?" Tambayar tana kan hanya. Sai dai a ɗakin hada-hadar, inda farashi ke sauyawa a allon kwamfuta kafin shayi ya huce, har cinikin sukuk ake yi, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, wadda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017, ta naira biliyan 100. Shi yaron, nasa duba lissafi ne da kasa kunne. Ba mai damƙa masa kuɗin kowa. Iyaye, ku tuntuɓi malamai, sannan ku bar shi ya je.